Gwaggon da Ba Ta Karɓar Leda

Da aka dawo daga maƙabarta maza suka zauna a ƙofar gida. Kowa ya zo ya ce Allah ya jiƙanta, a amsa masa da amin, ya ɗan taɓa zama ya tashi. Ni aka ɗora wa zirga-zirga tsakanin zaure da cikin gida, don haka na ga makokin Gwaggo ciki da waje. A waje babu abin da ya raba shi da kowane makoki a Jega. A ciki kuwa, tun kafin azahar ɗin washegari, tsakar gida ta fara cika da kwanuka.

Kai abinci gidan mutuwa ba sabon abu ba ne. Abin da ya ɗaure wa baƙi kai shi ne, kwanukan da ake shigowa da su kusan duk na mamaciyar ne. Mace za ta yi sallama, ta dire langa a gaban Mama, ta ce, "Ta Gwaggo ta, tun Sallah take wajena," sannan ta nemi gefen tabarma. Wata da dambu a ciki, wata da masa, wata ɗanyen gero ta auno. Ban ga wadda ta shigo da langa wayam ba.

Maƙwabciyarmu ta bayan gida, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana kiran Gwaggo marowaciya, ita ta fi kowa kuka. Tana kuka tana kare matsayinta: "Rowa kam tana da ita, ba ni ƙarya don ta mutu. Amma ban taɓa Sallah babu tuwonta ba." Mai man gyaɗa na kasuwa ya tsaya a zaure ya ce shi ya fi sanin kwalbarta a kan fuskarta, don kwalba guda take kawowa tun zamanin da ubansa ke zaune a rumfar. Ƙawarta Bafillatana ta iso da la'asar daga rugarsu ta bayan Dangamaji, ɗauke da ƙwaryar Gwaggo cike da nono. Ita ba ta yi kuka ba. Ta ajiye ƙwaryar a ƙofar ɗakin da aka rufe ta zauna kusa da ita, aka yi aka yi ta matso cikin mata ta ƙi.

A ƙofar gida kuma masu ta'aziyya aiki biyu suke yi. Baba yana zaune a wannan bakin tabarma, ƙanensa Bappa na Aliero yana wancan bakin, duk wanda ya zo sai ya yi gaisuwa nan, ya taka ya je can ya sake daga farko. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, su biyu da Gwaggo wadda ita ce babbarsu, amma an daɗe rabon da magana ta haɗa su. Iyakar fadamar gado ce a Dangamaji ta shiga tsakaninsu, wani ɗan tsirin ƙasa da bai wuce a yi 'yan fangalin albasa a kansa ba. Sun ɗauki makara tare, sun tsaya sahu ɗaya an yi mata sallah, kowa ya koma bakin tabarmarsa.

Da aka tashi makoki Mama ta wanke kwanukan ta kife. Ta daɗe tsaye a kansu, sannan ta kira ni gefe ta ce, "Langar Inna ba a maido ta ba." Inna ita ce kakarmu, mahaifiyar su Baba. Langarta tana Aliero, gidan Bappa. Matarsa kuwa a gidanmu ta zauna har aka tashi, ta zo da kulolinta sababbi fil, amma ba ta zo da langar ba.

Na zauna rubuta wannan ne don na ji 'ya'yana suna ba juna labarinta, kuma duk abin da suka riƙe shi ne tsohuwa mai faɗa a kan leda. Gaskiya ne ta yi faɗa a kan leda, ta yi har ta gaji. Amma idan aka bar ta a haka an cuce ta.

Gwaggo ta yi aure a Maiyama. Mijin ya rasu, 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya rayu, ta dawo gidan da aka haife ta a unguwar Jega Magaji ta karɓi ɗakin Inna. Daddawa take yi tana sayarwa, kuma ba ta taɓa roƙon ƙannenta ko gishiri ba. Su suna ce mata Adda, mu muna cewa Gwaggo, har unguwa ta ɗauka, tsofaffin da suka girme ta ma Gwaggo suke cewa. Ni kuwa tun da na fara koyarwa ta laƙa mini Malam, da wata irin murya mai nuna ba ta gama yarda da malantar ba.

Sayayyar Sallarta ba ta jiran Sallah. Lokacin da mutane ke turmutsutsu a kasuwar Jega a ƙarshen azumi, ana taka ƙafar juna a gaban masu atamfa, ana zagin tela, ita tana zaune a inuwar darbejiyar tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ta gama tun tuni. Albasa tun lokacin cira take saye a hannun manomi, ta yanka wata ta shanya, ta rataye wata. Tattasai da tumatir busassu ta tanada. Shinkafa ta gida take saye, ta ce ta san gonar da ta fito. Idan da wanda za ta yi wa ɗinki, tun kafin a ga watan azumi yadin yana wurin tela, lokacin da telan ke gyangyaɗi don rashin aiki.

Na sha raka ta kasuwa a babur bayan ƙafa ta fara ba ta wahala. Takan fito da kwandon kaba, a ciki da kwalbar mai, da tsofaffin gwangwanaye masu murfi, da 'yan ƙyallaye da ta ɗinke kamar aljihu. Kafin ta sayi abu sai ta tsaya ta ƙare masa kallo, ta tambayi kanta da ƙarfi yadda mai kaya zai ji: "Wa za ya ci? Babu shi gida? In ya ƙare, ina za a yada abin da anka ƙunso shi?" Mai kaya ya miƙa hannu zai ciro leda, ta daka masa tsawa: "Aje! Ce maka anka yi ba ni da hannu?" Wasu su yi dariya, wasu su ji haushi. Wani mai kayan miya ya taɓa ce mata, "Gwaggo, kyauta ta hwa, ba a biya." Ta ce, "Na sani. Shi yas sa tac cika gari."

Ƙiyayyarta da leda tana da mafari. Wata shekara ta yi kiwon ragon layya da kanta, tun yana ɗan ƙarami, da harawa da dusa. Ana gab da Sallah ragon ya daina ci, ya rame, ciki ya kumbura. Aka ba shi kanwa, aka ba shi jiƙo, a banza. Da aka ga zai tafi aka yanka shi tun kafin ranar, layya ta wuce ta ke nan a shekarar. Mahauci ya farka tumbin ya zaro wani dunƙule baƙi ƙirin, ledoji ne suka murɗe suka cure wuri guda. Gwaggo ta sa aka wanke dunƙulen ta rataye shi a jikin darbejiya, ya yi wata da watanni yana lilo. Duk wanda ya shigo gidan da baƙar leda sai ta nuna masa dunƙulen da haɓa.

Kyautar Sallarta kuwa sai wanda ya san ta. Ba ta ba mutum abin da ake yayi. Abin da ta ga ya rasa take ba shi, kuma ido gare ta. Ƙawarta Bafillatana kanwa da gishiri take samu don shanu. Wata bazawara a Birnin Malam da irin albasarta ya lalace, iri Gwaggo ta ƙulle mata a ƙyalle aka haɗa da tuwon Sallah. Mai jego takan sami tsohon zane da ya sha wanki ya yi laushi, don sabuwar atamfa kartar jariri take yi. Wanda ba shi da abin sawa shi kaɗai take yi wa sabo, kuma mai kauri, wanda ƙanensa zai gada.

Ni dai ga abin da na samu wata Sallah. Hulata ta ɓace ana tsakiyar azumi, na neme ta har na haƙura. Ranar idi da safe Gwaggo ta kira ni ta miƙo mini hula naɗe a takarda, an wanke, an sa sitaci, an buga ta ta tsaya cak. Na juya ta na ga ɗan tabon tawada a ciki. Na ce, "Gwaggo, wagga ai tawa ta." Ta ce, "Da ta wa kaka so in ba ka? Ta yi maka daidai ko ba ta yi ba?" Na sa ta na tafi idi, har aka tambaye ni inda na saya.

Wani ɗan danginmu mai aikin banki a Birnin Kebbi ya taɓa aiko mata da kwandon kyauta irin na birni, an lulluɓe shi da leda mai ƙyalli an ɗaure da zare ja. Ta kwance shi a tsanake. Biskit ta raba wa jikokin gida, ganyen shayi ta aika wa matar liman, lemon gwangwani ta ba wata mai jinya, zaren ta nannaɗe ta ajiye. Sannan ta ɗaga kwandon ta ce, "Wanga kam ya yi ƙoƙari, saƙa mai kyau." Ta cika shi da daddawa da kuka ta ce in mayar masa, kuma a hannunsa. Na same shi a wurin aiki. Ban taɓa ganin ofis mai na'urar sanyi ya canza wari da sauri haka ba, shi kuma ya rasa ko godiya zai yi ko ɓoyewa.

Ba zan mai da ta waliyyiya ba. Bakinta da kaifi, kuma ba ta manta wanda ya ɓantare mata fentin kwano ko shekara nawa aka yi. Akwai Sallar da jikoki suka sha kuka don ta hana a saya musu tabarau da bindigar roba, ta ce kafin la'asar sun karye an bar wa awaki. Sun karye ɗin kuwa a gidajen da aka saya, amma wannan bai share wa namu hawaye ba. Har yau ina ganin a nan ta tsananta.

Rigimar da ta fi fitowa fili ita ce tasu da ƙanwata mai aure a Abuja. Ta zo Sallah da katan guda na robar tekawe, fararen nan da ake ci a yar, ta ce bana an huta da wanke-wanke da bin kwanuka gida gida. Mama har ta fara murna. Gwaggo ta ɗauki ɗaya ta ƙwanƙwasa da farce, ta ɗaga ta tana hango rana ta cikinta.

"In kin kai ma mutum tuwo cikin wagga, mi za ya maido?"

"Ba abin da zai maido, Gwaggo. Ai sauƙin ke nan."

"To mi za ya kawo shi gidanku?"

Ƙanwata ta ce ai akwai waya, zamani ya canza, ba wanda ke da lokacin yawo da langa a ka. Gwaggo ta ce, "Ɗiyata, wanda kinka ba abinci cikin abin da ba ya dawowa, sallamar shi kinka yi." Ƙanwata ta yi fushi ta ce an raina kyautarta. Aka rabu a kan kowa ta yi yadda ta ga dama, ita ta raba nata a roba, Gwaggo ta raba nata a kwano. Bayan Sallah robobin suna kwance a kwata da bakin lungu. Kwanukan kuma suna ta dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da mai ɗauke da shi, kowane mai ɗauka sai ya zauna an gaisa. Gwaggo kuwa sai ta riƙa ɗaga murya wajen yi wa masu shigowa maraba, daidai tagar ƙanwata.

A wajenmu kwanon da aka kawo maka abinci ba ka mai da shi wayam. Ko goro ne, ko 'yan albasa, ko sabulu, sai ka saka wani abu, kuma gidan mai kwanon ake kai shi. Kowa ya san wannan. Gwaggo ce kaɗai na sani da ta mai da shi makami.

Da Baba da Bappa suka daina magana, dattawa sun shiga, liman ya shiga, aka gaji aka bari. Gwaggo ba ta taɓa zaunar da su ba. Na tambaye ta dalili ta ce, "Ni na goye su dukansu. In sunka kahe, ko Inna ba ta tanƙwasa su." Abin da ta yi shi ne, Sallar farko bayan rigimar ta shiga ɗakin Mama ta ce a ara mata langa, nata kwanukan sun ƙare. Ba su ƙare ba, suna nan jere a ɗakinta. Ta zuba tuwon shinkafa da miyar taushe ta ce in kai Aliero, in kuma gaya wa matar Bappa langar ta Mama ce, gare ta za a maido.

Matar Bappa ta shiga uku. Ta riƙe kwanon mutane, abin kunya ne. Ta maido shi wayam, ya fi muni. Ta aiko wani ya kawo, a ce ta raina matar yayan mijinta. Bayan kwana biyu sai ga ta da kanta, langa cike da albasa irin manyan nan da Bappa ke lodawa kudu. Mama ta shimfiɗa mata tabarma. Ranar Baba ya ci miyar da aka yi da albasar ƙanensa, ya sani sarai, bai kuma ture kwanon ba.

Sallar da ta biyo baya Gwaggo ta juya abin. Ta aika Aliero aka aro mata langar matar Bappa, ta zuba wa Baba tuwo a ciki, alhali tsakanin ɗakinta da nasa ko takalmi ba a sawa. Dole Mama ta ɗauki langar da daddawa a ciki ta nufi Aliero. Haka aka yi ta yi, Sallah bayan Sallah. Mazan ba su yi magana ba, amma matansu sun saba hanya, 'ya'yanmu sun san juna, kuma babu shekarar da Baba bai ci albasar Bappa ba, ko Bappa bai ci daddawar gidanmu ba. Baba ya taɓa ce mata cikin fushi, "Adda, kada ki ɗauka ban gane ba." Ta ce, "Tuwo nika rabo. An hana?"

Ban sani ba ko dabarar ta yi aiki. Wani lokaci nakan ga kamar ita ce ma ta ba su damar ci gaba da gabarsu hankali kwance, tunda mata sun ɗauke musu nauyin zumuncin. Na faɗa mata haka wata rana muna hanyar kasuwa. Ta ce, "Malam, kai dai tuƙa babur."

Ƙaramar Sallarta ta ƙarshe jikinta ya riga ya yi sanyi. Tana zaune aka yi girkin, tana nuni da sanda. Da aka zo zuba na Aliero ba ta nemi aron kowa ba. Ta ce a sauko mata da langar Inna. Babbar langa ce fara, mai shuɗin baki da zanen furanni da suka koɗe, a ciki Inna take zuba wa su Baba tuwo su ci tare suna ƙanana. Tun da Inna ta rasu ba ta taɓa fita ɗakin ba. Aka zuba, Gwaggo ta ce a rufe da faifai a ɗaure da ƙyalle. Na ce mata ga murfinta nan. Ta ce, "Na gani. Tahi."

Bappa yana zaune a ƙofar gida da na isa. Ya dubi langar, ya dube ni, ya sa yatsa ya shafa bakinta inda fenti ya tashi, ya ce, "Ni na ɓantare wurin ga. Na sha kashi." Ya karɓa da kansa ya shiga da ita, abin da bai taɓa yi ba.

Langar ba ta dawo ba. Matarsa ta ce ya ajiye ta a ɗakinsa, ya ce wannan shi zai kai wa Adda da hannunsa. Kai wa Adda kuwa sai an bi ta zauren Baba. Ya yi ta ɗagawa, yau kasuwa, gobe lodin mota, jibi baƙi daga kudu. Gwaggo takan tambaya daga kwance, "An zaka da langa?" A ce ba a zo ba tukuna, ta juya fuska bango. Ta rasu tsakanin Sallah da Sallah, da hantsi, ba ta ga langar ba. Wannan ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi.

Rabon kayanta bai ɗauki lokaci ba. 'Yan zannuwa ne, da tukwanen daddawa, da kwandon kaba, da kwanukan da aka raba wa mata. Murfin langar Inna aka tarar ƙarƙashin matashinta. Aka rasa wanda za a ba murfi ba langa, sai Baba ya miƙa hannu ya ɗauka ya shiga ɗakinsa. Mama ta ce tsufa ne, mantuwa Gwaggo ta yi ranar da ta aika langar ba murfi. Ni da na nuna mata murfin ta ce ta gani, na san ba mantuwa ba ce.

Babbar Sallah ta zo da farkon damina. Muka yi yanka, aka kafe raguna a bakin wuta suka gasu, washegari aka shiga rabo kamar yadda muke yi. Babu wanda ya tayar da maganar Aliero. Mama ba ta da dalilin zuwa, babu kwanon kowa a hannunta, matar Bappa ita ma haka. Wajen hantsi wani ɗan kabu-kabu ya yi sallama a zaure, ya miƙo ƙunshi ya ce daga Aliero, ya juya babur ɗinsa ya tafi. Cinyar rago ce, babba, cikin baƙar leda an ninka biyu.

Mama ta ajiye ta a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, muka tsaya muna kallo. Kyauta ce mai kyau, ba a taɓa aiko mana da nama mai yawan haka daga Aliero ba. Na duba, babu abin da za a wanke, babu abin da za a mayar. Mama ta ce a hankali, "To. An sallame mu."

Baba yana kan buzunsa a ƙofar ɗaki, ya ji. Ya taso ya tsaya a kan ledar, ya daɗe yana kallonta. Ya shiga ɗaki ya fito da babbar riga, da wani abu naɗe a ƙyalle a hammata. Ya ce mini, "Tada babur."

Bai faɗi inda za mu ba, ni ma ban tambaya ba, na ɗauki hanyar Aliero. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi duhu, ledojin Sallah sun maƙale a jikin ƙaya da bakin gonakin da aka fara shuka. Ina dai jin gefen murfin yana tokare mini baya.

Bappa yana ƙofar gida da mutanensa ana ta rabon nama. Da suka ga wanda na goyo, hira ta mutu. Baba ya sauka ya yi sallama, mutane suka amsa, Bappa ya amsa a ƙarshe, can ƙasa. Baba ya kwance ƙyallen ya ajiye murfin a kan tabarma.

"Langar Inna niz zo ɗauka."

Bappa ya kafa wa murfin ido. Ya ce, "Na so in kai mata, Yaya. Kullum sai in ce gobe."

"Ta tambaya," in ji Baba.

Mutanen da ke wurin kowa ya sami abin kallo a ƙasa, wani ya tuna an aike shi ya tashi. Na ɗauka shi ke nan, za a fito da langar a miƙa mana mu juya. Bappa ya share fuska da hannun riga, ya gyara murya.

"Ba ta hita gidanga wayam. Ka zamna a zuba."

Baba ya dubi tabarmar. Akwai wuri a can baki, akwai kuma wuri kusa da Bappa inda mutumin nan ya tashi. Ya tattare riga ya zauna inda mutumin ya tashi.

Ba a yi maganar fadama ba, har yau ba a yi ba, tsirin yana nan ciyawa ta cinye shi. Maganar ruwa suka yi, da tsutsar da ta shiga albasa bara, da kuma ko ragon wa ya fi ƙiba, kowa yana magana yana kallon gabansa. Girkin ya daɗe, ina zargin matar Bappa da gangan ta ja shi. Da langar ta fito cike da tuwo da nama, Bappa ya ɗauki murfin ya rufe da hannunsa, murfin ya zauna daram.

Baba ya riƙe ta a cinya har Jega. Bayan an ci, Mama ta wanke ta goge, ta ce to ta zo gida ke nan, bari ta kai ta ɗakin Gwaggo. Baba ya ce a'a, ta Inna ce, shi da ƙanensa suka gada, ba ta zama wuri guda. Ya ce a nemo daddawa mai kyau a zuba.

Mama ta ce, "Wa za ya kai?"

Ya ce, "Wanda yaɗ ɗauko."

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kaifin bakinta, ya haskaka inda take kwance. Abin da ta yi ta aikawa gidajen mutane, Allah ya maido mata da shi cike.